Ƙusar Shahuci

Kwana uku kacal da sayen motata na taka ƙusa, kuma ba a ko'ina ba sai a Shahuci, inda rabin masu shagunan suka san ni tun ina yawo da gajeren wando.

Bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu, mai karatu. Idan na ce sabuwa, ina nufin irin sabuntar da muka saba da ita a ƙasar nan, wato ta gama rayuwarta ta farko a ƙasar Turawa, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Kwatano, sannan ta iso hannuna. Corolla ce ƙirar 2010, ruwan toka. Shekara shida ina tari, adashi biyu na kwasa na zuba, mai ɗakina kuma ta cika mini da kuɗin 'yan kunnenta na gwal. Ranar ciniki na tafi da bakanike, ya saurari inji, ya leƙa ƙasa, ya ce lafiya lau. Ni kuwa fenti na duba da kujeru. Taya dai na sa ƙafa na shuri ɗaya kamar yadda na ga ana yi, na ga ba ta yi sanƙo ba, shi ke nan.

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen Afrilun 2024, bayan la'asar, garin nan kamar an hura wuta. Niyyata in kai wa Hajiyarmu ta gani ta sa albarka a gidanmu na Yakasai, domin ranar Asabar akwai ɗaurin auren ɗan ƙanwarta a Zariya, kuma na riga na cika baki cewa ni zan ɗauke ta da iyalina. Na shigo ta Ƙofar Mata, na wuce Asibitin Murtala, na faɗa cikin cunkoson nan da duk ɗan birni ya sani, 'yan Adaidaita Sahu ta nan, masu baro daga kasuwar Rimi ta can. Sai na ji sitiyari yana ja na dama, ga wani fal-fal-fal a ƙasa. Wani ɗan Adaidaita ya leƙo ya ce, "Alhaji, tayarka!" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a kwana ukun nan na saba da sunan har na fara amsawa.

Na gangara gefe na buɗe but. A nan na fara sanin motata. Safayar wata 'yar siririya ce kamar ta baro, an rubuta a jikinta kada a wuce gudun kilomita 80 da ita, kuma ko iskar ma babu a cikinta. Jak yana nan, sifanar kwance noti babu. Ko da akwai ma, ni malamin makaranta ne da bai taɓa kwance taya ba. Na tsaya da farar shadda ina zufa, masu wucewa suna yi mini sannu, wasu har da "Allah ya sa alheri, yaushe aka yi?"

Mai facin wani dattijo ne a gindin katanga, da injin iskarsa da rabin duro cike da baƙin ruwa. Yana ganina ya ce, "Kai ba ɗan Malam ba ne na Yakasai?" Na rusuna na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi wa mahaifina addu'a, ya tura yaronsa da jak da sifana, cikin minti kaɗan ga tayar an gangaro da ita. Ya ba ta iska, ya tsoma a ruwa yana juyawa a hankali har inda kumfa ya fara tasowa, ya sa filaya ya zaro ƙusa 'yar inci uku. Tayar ba ta da tif, don haka bai ɓare ta daga rim ba, sai ya rarake hujin ya cusa wata igiya mai danƙo ya yanke sauran. Ya ce na yi sa'a a tsakiya ta shiga, da a gefe ne babu facin da zai riƙe.

Na sa hannu a aljihu ke nan, sai na ga bai saki tayar ba. Ya jiƙa babban yatsa ya goge gefenta, ya ce, "Ɗan nan, kai mai boko ne, karanta mini nan." Lambobi huɗu ne a cikin wani ɗan zagaye: 2313. Na karanta. Ya ce, "Me suka ce?" Na yi shiru. Ashe biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An yi tayar a mako na 23 na shekarar 2013. Shekararta goma sha ɗaya, ta girmi babbar 'yata. Ya nuna mini 'yan tsage-tsage sirara a jikin robar, sannan wani zanen dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, ya ce wannan ta ƙasar sanyi ce, robarta ba ta san zafin kwaltarmu ba. Muka zagaya motar a tsugune. Uku duk sa'o'in juna ne, ɗaya ce kawai 'yar 2019.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Kamfanonin taya sun fi sassauci, amma su ma ba su yarda a wuce goma ba, ko da zanenta yana nan fes. Kuma ba zan ce ban taɓa ji ba. A ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe, aka yi ta maganar tsofaffin tayoyi a rediyo. Na ji, na jajanta, na manta, don a lokacin ko keke ba ni da shi.

Abin kunya, haushin dattijon na fara ji. Na ce a raina dillali ne. Na tambaye shi, "To Baba, kana da na sayarwa ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ni faci nake yi, tsohuwar taya ce abincina. In don ni ne ka bar su, za mu riƙa gaisawa. Amma kada ka hau babban titi da uwarka a kan waɗannan."

Sai bayan magariba na isa gida da baƙin mai a hannun riga. Hajiya ta fito da tocila ta zagaya motar, ta dafa ta, ta yi addu'a mai tsawo, ta ce Allah ya tsare ƙarfe. Ban ce mata komai ba. Da dare na yi waya na ji farashi, sababbi huɗu sun haura albashina na wata. Wani aboki ya ce in sayi 'yan Beljiyam a rabin kuɗi, wato in maye tsofaffi da tsofaffi. Na daɗe ina juyi ina gaya wa kaina ai Zariya ba nisa, ai zan tafi a hankali. Mai ɗakina ce ta kashe maganar. Ta ce, "Ni dai 'yan kunnena na bayar, ban ba da 'ya'yana ba."

Ranar Asabar daga tashar Unguwa Uku muka hau motar haya, Hajiya a gidan gaba. A wajen ɗaurin aure abokan wasa suka sa ni gaba, "Ina motar da ake ta labari?" Na ce tana hutawa. Har yau in an haɗu sai an tambaye ni ko ta farka.

Wata biyu na yi kafin in haɗa su, bibbiyu na saya, kuma a shagon sai da na tsuguna na goge gefen kowacce, mai shagon yana kallona. Na kai wa dattijon a Shahuci ya ɗaura mini. Kafin ya taɓa noti ya jiƙa yatsa ya duba, ya ga 0924. Ya ce, "To, wannan ko yaye ba a yi mata ba," ya ƙwala wa yaronsa kira ya kawo jak.