Harshen Damo a Cikin Kwamfuta

Mu ɗaliban harshe mun san harshen damo, wato magana ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. Ni da na koyi Hausa da girmana, kalmomi irin su "gari" da "fari" sun daɗe suna tsayar da ni, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Sai na duba sauran jimlar kafin in san ko garin Kano ake nufi ko garin tuwo. Ashe kwamfuta ma tana fama da irin wannan matsala.

PostgreSQL wani rumbun adana bayanai ne da ake amfani da shi a duniya, kuma yana da harshen ba da umarni mai suna PL/pgSQL. A cikin rumbun, bayanai suna zaune ne a jadawali, kowane ginshiƙi da sunansa. Shi kuma mai rubuta umarni yakan buɗe ɗan ma'aji na wucin gadi ya raɗa masa suna. Rikici yakan taso ne idan sunayen biyu suka zama takwarori.

Alal misali, ga jadawalin ɗalibai mai ginshiƙin "suna", ga kuma ma'aji shi ma "suna". Mutum ya ce a goge ɗalibin da suna = suna, yana nufin ɗalibi ɗaya tak. Kafin shekarar 2010, sashen da ke li'irabin umarnin ba ya duban ginin jimla sosai. Duk inda ya ga kalmar sai ya ɗauka ma'ajin ne. To abu kuwa daidai yake da kansa, saboda haka sai a share ɗalibai kaf, ba tare da gargaɗi ba. Rumbun Oracle ginshiƙi yake fifitawa, amma a wannan misali ɓarnar ɗaya ce.

A fitowa ta 9.0, cikin watan Satumba na 2010, aikin Tom Lane ya sauya tsarin. Aka miƙa aikin gane sunaye ga babban mai li'irabi na SQL, wanda ya san inda ginshiƙi zai iya zama a jimla. Idan har yanzu sunan yana da fuska biyu, sai na'urar ta tsaya ta ce akwai ruɗani. Wanda yake son a fifita ma'aji ko ginshiƙi, sai ya faɗa da kansa. Mafi sauƙi kuma shi ne a ƙara wa suna laƙabi, a rubuta ɗalibai.suna, kamar yadda ake bambanta Musa Dogo da Musa Gajere.

Abin da ya fi burge ni shi ne an hana na'urar yin kirdado. 'Yan uwana masu shirin zama masu fassara, idan jimla ta zo mana da ma'ana biyu, mu koma wa mai ita mu tambaya kafin mu zaɓa masa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.