Jinin da ido ba ya iya aunawa

Yau shekara tara ke nan cif da rasuwar ƙanwata, autarmu, Allah Ya jiƙanta. Ban taɓa rubuta komai a kanta a nan ba. Yau zan rubuta, kuma zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Haihuwa ta je yi, ta biyu, a wani asibitin gwamnati. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ta sauka lafiya, namiji. Hajiyarmu ta fito baranda tana hamdala, ni kuma na hau buga waya ina sanar da dangi. Har saƙo ta aiko mini ta bakin Hajiya: "Ki ce wa Yaya ya samo mini shayi mai kauri." Na fita nema. Kafin in dawo da fulas ɗin, ɗaki ya yamutse. Wai jini ya ɓalle. Aka ce a nemo jini leda biyu, aka ce a kira likita, aka miƙo mini takardar magani a ce in ruga. Kafin assalatu ta cika.

Ungozoma ɗaya ce a ɗakin haihuwa a daren nan, sai wata ɗaliba, ga mata kusan shida a kan gwiwa. Na tsare ta a bakin ƙofa na ce, "Sista, kina ina har jininta ya ƙare?" Ta ce, "Malam, wallahi sau biyu na duba ta, jinin da na gani bai kai na tashin hankali ba." Na gaya mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Shekaru na yi ina ɗaukar amsarta a matsayin ƙarya.

Abin da ya sauya mini tunani wani bincike ne da ake kira E-MOTIVE, wanda mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta wallafa a watan Mayun 2023. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka jagorance shi, aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 210,000. Wadda ta ja ragamar ɓangaren Najeriya tamu ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano. Ni ba likita ba ne, tsarin mulki na karanta, amma na zauna na bi bayanin daki-daki saboda ciwon da ke raina.

Ga abin da na fahimta. In mace ta zubar da jinin da ya kai mililita 500 bayan haihuwa, wato rabin lita, kwatankwacin ledar fiya wata guda, ta shiga haɗari. To amma jinin nan ba a kofi yake zuba ba. Zane ya sha, katifa ta sha, auduga ta sha, wani ya bi ƙasa. Ungozoma da ido take kintace, kuma ido na yaudara. A asibitocin da aka bar su a kan tsohon tsari, kusan rabin matan da jini ya ɓalle musu ba a gane ba, kashi 51 cikin ɗari kawai aka gano. A inda aka shimfiɗa wa mai jego wata leda mai aljihu da ma'auni a jiki, jinin na taruwa ana ganin lamba, an gano kashi 93.

Abu na biyu shi ne yadda ake kai ɗauki. A da, sai a gwada wannan, a jira a gani, in bai yi ba a gwada wancan, jini kuwa ba ya jira. Sai aka horar da ungozomomi su yi komai a tare da zarar an kai layin: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa ta tsuke, a ba da tiraneksamik asid mai hana jini tsinkewa, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya ƙi a kira na gaba nan take. Aka haɗa kayan duka a akwati ko teburi ɗaya, aka riƙa gwaji a cikin ɗakin haihuwar. Sakamakon? Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya sauko daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6. Ragin kashi 60 cikin ɗari ke nan.

Da na kai nan sai jikina ya yi sanyi. Ashe mai yiwuwa gaskiya baiwar Allah nan ta faɗa mini. Ta duba, ta ga abin da ido zai iya gani. Ba a ba ta ma'auni ba, ba a ba ta mataimakiya ba, an dai ba ta mata shida da dare guda.

Bara maiɗakina ta haihu. Da aka ba ni jerin kayan haihuwa, na tambayi ungozomar ko suna da ledar awon jini. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma'aikacin lafiya ne?" Na ce a'a, an dai taɓa yi mini rashi. Ta ce akwai, kuma an koya musu aiki da ita, amma wani lokacin takan yanke. Wannan kalma ta "takan yanke" ita ta hana ni barci.

Don a nan ne laifin ya zagayo kanmu, mu 'yan ofis. Shekarata goma sha takwas a aikin gwamnati, fayil ɗin bita nawa ne ya bi ta teburina? Na san yadda ake yi. A kama otal, a buga bana, a raba jaka da alawus, sunayen da ke takarda kuma na manya ne da rabonsu da filin aiki an fi shekara goma. Ni ma na sha sa hannu ban ce uffan ba, har na karɓi nawa kason. In haka ake yi wa horon ungozoma, to wadda ke kwana a ɗakin haihuwa ba za ta taɓa ganinsa ba. Kuma horo ba ya aiki shi kaɗai. Oksitosin sai da firji, firji sai da wuta. Leda sai an sa ta a kasafi an kuma saki kuɗin. Ga ƙarancin hannu: a 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ta ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ya nuna a 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a ƙasar nan sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk duniya.

Na san wani zai ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma za a tambaye mu abin da aka ba mu amana muka yi sakaci da shi.

Saboda haka, maza 'yan uwana, in ka kai iyali awo ka tambaya: kuna auna jini bayan haihuwa? Ka san rukunin jininta, ka tanadi mai bayarwa tun kafin ranar. In ta sauka, kada kowa ya watse buga waya kamar yadda na yi, a bar mutum kusa da ita a sa'o'in farko, in ta ce jiri ko ta jiƙa zane a yi magana da ƙarfi. Abokan aikina kuma, in fayil ɗin bita ya zo gabanka, ka duba sunayen.

Yaron nan yanzu yana aji huɗu, a hannuna yake, kamarsu ɗaya da uwarsa. Ita kuwa Sista, ban san sunanta ba, ban san inda take ba. In wannan rubutu ya kai gare ki, ki yafe mini don Allah.

Allah Ya jiƙan matanmu da suka tafi a kan gwiwa, Ya sauki masu ciki lafiya.