Daga bisa ruwa zuwa bisa kwalta

Tsofaffin ƴan lakwal na Damagaram, waɗanda yau suka zama manyan ma'aikata da ƴan kasuwa, wataƙila ba su mance da wani dogon Bafaranshe da ya koya musu lissafi a shekarun 1980 ba. Da ya koma ƙasarsu ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya a 2008. A nan ne ya aikata abin da danginsa suka ɗauka taɓin hankali: ya sayar da gidansa, ya sayi tsohon jirgin ruwa na dakon kaya, mai tsawon mita 20, ya fitar da ɗakin kwana da madafa a ciki. Shekara 14 suka yi a bisa ruwa, shi da uwargidansa.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a Faransa akwai hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa da hannu domin haɗa kogi da kogi, waɗanda ake kira kanal. Wanda malamin ya fi bi shi ne kanal na Bourgogne, mai tsawon kilomita 242, wanda aka buɗe a 1832. Da yake ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, an gina masa matakalar ruwa 189. Jirgi ya shiga tsakanin ƙofofi biyu, a rufe, a cika ruwa ko a rage, sa'an nan ya hau ko ya sauka. Malam na riƙe da akalar jirgi, uwargida kuwa ita ce mai jefa igiya da hawa tsanin ƙarfe mai santsi. Gudunsu bai wuce kilomita 6 a awa ba, har mai keke yakan bar su a baya. Amma a kowace ƙofa akwai gaisuwa da hira, kuma kowane mai jirgi ya san ciwon maƙwabcinsa.

Abu biyu suka raba su da wannan zama. Na farko fari ne. A bazarar Turai ta 2022 sama ta ɗauke ƙafa a Faransa, tafkunan da ke shayar da kanal suka ja baya, hukuma ta rufe wasu sassan hanyar, jiragen suka yi cirko-cirko a inda rufewar ta same su. Na biyu, wanda ya fi ci masa rai, gwiwoyin uwargida ne. Wata safiya ƙafarta ta zame a bisa tsani, ba don igiyar da ke hannunta ba da ta faɗa tsakanin jirgi da bango. Da dare ta ce masa: "Maigida, ruwan nan bai gaji da mu ba, mu ne muka gaji. Gara mu sauka da ƙafarmu tun ba a sauke mu ba." Kwana uku bai amsa mata ba, a na huɗu ya rubuta takardar sayarwa ya liƙa.

A garin Saint-Jean-de-Losne, matattarar masu jiragen ruwa a bakin kogin Saône, aka yi cinikin. Da kuɗin suka sayi mota mai ɗaki, wadda Faransawa ke kira kampin-kar, tsawonta mita 6. Takardar tuƙin da ke hannun malam ba ta yarda nauyin mota ya wuce tan uku da rabi ba, har da mutane da ruwa da kaya. Saboda haka komi sai da aka ɗora a ma'auni. Littattafan lissafi suka tafi kyauta, haka murhun itace da tukwanen furanni. Abin da ya ƙi rabuwa da shi kaɗai shi ne wata jakar fata da ɗalibansa na Damagaram suka ba shi ranar ban kwana.

Da sanyi ya kawo jiki suka nufi kudu, suka ratsa Sifen har Aljaziras, suka ƙetare teku zuwa Tanja, suka gangara Agadir, inda tsofaffin Turawa masu irin wannan mota ke taruwa don gudun hunturu. Wata uku ƙasar Maroko ke ba baƙo irinsa ba tare da biza ba. Daga can zuciyarsa ta riƙa hararo masa hanyar Tamanrasset zuwa Assamaka, Arlit da Agadas, wadda ya bi da Peugeot 504 yana matashi. Rashin tsaro ya rufe ta ga matafiya irinsa, tilas ya haƙura.

Watannin farko ba su yi masa daɗi ba. Tafiyar da jirgi ke yi a mako guda, mota na cinye ta kafin azahar, amma ya iske ba ya tuna ko sunan gari ɗaya. Gazuwal ya kusa yuro 2 lita, wato wajen sefa 1.300. Tankin ruwa na lita 100 ba ya wuce kwana uku. Wasu garuruwan sun gitta ƙarfe a ƙofar wurin ajiye motoci don kada mai dogon rufi ya shiga. Mafi zafi, maƙwabcin da suka sha shayi tare da dare, kafin gari ya waye ya tayar da mota ba sallama. Ashe abin da malam ya rasa ba faɗin ɗaki ba ne, sannu da zumunci ne.

Uwargida ce ta gano magani. Ta ce tun da kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma babu wanda ya tilasta musu gudu. Suka kafa wa kansu doka: ba su wuce kilomita 50 a yini, kuma duk garin da suka sauka sai sun ci kasuwarsa ta mako. Da haka suka san mai burodi, suka san mai gyaran taya. Suka kwana ƙofar gidan jikokinsu wata guda, abin da jirgi bai taɓa ba su ba, domin babu kanal a can. Ranar ganin likita kuwa, mota na kai uwargida har bakin asibiti.

A watan Satumba na 2023, shekara cif, suka komo Saint-Jean-de-Losne. Jirgin na nan a ɗaure, sabon mai shi ya sake masa fenti. Malam ya daɗe tsaye yana kallo. Uwargida ta tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce kewa dai tana nan, amma da ya biye wa sabo, wanda Hausawa suka ce turken wawa ne, da wataƙila yau shi kaɗai ne a tsaye a wurin.

Ma'aikacin da ritaya ta ƙarato masa, da ɗan kasuwar da hanya ta fara yi wa nauyi, kowa na da nasa jirgin. Allah ya ba mu basirar sauka da ƙafarmu, amin.