Fatar Gidanmu

A wannan mako ku yi mini haƙuri da labarin tsadar hatsi da na ƴan siyasa. Zan ba ku labarin wani bango ne na unguwar Birni ta Damagaram, bangon zauren gidan da aka yanke mini cibiya.

A watan Yuli na 2024 ƙanena, wanda ke karatun zanen gine-gine a Lome, ya zo hutu gida. Kwana biyu da saukarsa ya same ni ya ce: "Yaya, ka ara mini na'urarka ta hoto, ka haɗa da hannunka. So nake in saka zauren Kaka cikin kwamfuta." Na yi dariya, na ce masa hotunan zauren nan ina da su jibge. Da ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, cikin ladabi, babu ko guda da zai yi masa amfani. Shekara goma ke nan ina aikin jarida, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ga abin da ya fahimtar da ni. Idan za a gina siffar gida cikin kwamfuta, ana fara tayar da ƙashinsa: tsawo, faɗi, kusurwa, ƙofa da taga. Wannan ƙashi fari ne fat, kamar gawa cikin likkafani. Kowane gida da ɗan'uwansa kama ɗaya suke. Abin da ke mayar da shi gidan wane shi ne fatar da za a lulluɓa masa, kuma daga hoton bangon na gaskiya ake fiɗe ta. Ana gyara hoton har ya miƙe sosai, yadda majemi ke shimfiɗa ƙirgi ya kafe shi da turaku, sa'an nan a manna shi a kan ƙashin, kowane yanki a gurbinsa. Akwai kuma hanyar da Nasara ke kira fotogarametiri, inda kwamfuta ke bin ɗaruruwan hotuna tana neman tabon da ya fito a wannan ya kuma fito a wancan, har ta lissafa ƙashin da fatar gaba ɗaya.

Aikin yana da sharuɗɗa, kuma dukansu sun saɓa wa abin da na koya. Ɗan jarida yana son hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da zane. Mai fiɗar fata kuwa inuwa abokiyar gabarsa ce, don in ta shiga hoton ta zauna ke nan har abada, ko da an juya rana ta kwamfuta zuwa wani gefe. Sai muka jira safiyar da hadari ya rufe sama. Ɗan jarida yana karkata na'ura don gini ya yi kwarjini. Nan dole ka fuskanci bango sak, ka ɗauka, ka matsa taki ɗaya, ka sake ɗauka, kowane hoto ya maimaita kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Muka jingina sanda mai tsawon mita ɗaya don kwamfuta ta san ma'auni. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne korar mutane. Muka kori yara, muka kori akuya, muka roƙi mai sayar da goro ya janye tirensa. Ni da aka koya mini cewa hoto ba mutum kango ne, sai ga ni na wuni ina ɗaukar kango da gangan, sama da hoto 300.

Da dare muka yi gardama. A gefen dama na ƙofar zauren akwai wani baƙin tabo mai sulɓi, daidai kafaɗar mutum in yana zaune. Ƙanena ya ɗauke shi datti ne, ya kai hannu zai shafe shi da launin bangon da ke kusa, kamar yadda aka koya musu su share wayar lantarki da takardun talla. Na riƙe masa hannu. Shi bai riski Kaka ba. Ni kuwa na san nan ne tsohon yake jingina kullum bayan la'asar yana jan carbi, har makubar wurin ta yi santsi, kuma duk shekarar da aka yi yaɓe iyayenmu sukan ce wa magini ya kewaye wurin. Na ce masa: "In ka share wannan, ka gina zauren kowa da kowa, ka bar na Kaka a waje." Ya yi shiru, ya bar tabon.

A farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, wanda duk ɗan Damagaram ya buɗe ido ya gani. Cikin makon nan saman zaurenmu ma ya zube, da zankwayensa biyu da rabin dagin da ke bisa ƙofa. Na tsaya gaban tarin ƙasar masallacin ina tambayar kaina sau nawa na ratsa ta nan da na'ura rataye a wuya, ina sauri zuwa taron wani minista.

Wasu ƙasashe sun riga mu sanin darajar wannan aiki. Lokacin da majami'ar Notre-Dame ta Paris ta ƙone ran 15 ga Afrilu 2019, masu gyara sun tarar da ma'aunin da wani malamin jami'a, Andrew Tallon, ya ɗauka da hasken leza tun kafin gobarar. A Tumbutu kuma, hubbarorin waliyyai da aka rushe a 2012 an sake tayar da su a 2015. Tsofaffin hotuna sun taimaka, amma maginan garin ne suka kwaɓa ƙasa suka ɗora.

Haka ta kasance a gidanmu. Bayan damana muka kira wani dattijon magini, muka ajiye masa kwamfuta a kan tabarma. Ya daɗe yana kallon zauren yana juyawa gabansa, ya sa aka matso masa da dagin har ya ga sawun yatsun wanda ya zana shi. Sa'an nan ya ce: "Madalla, ɗana. Wannan ta nuna mini inda zan nufa. Amma ba ta san daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar ba, ko kwana nawa aka bar ta ta ruɓa da ciyawa." Gaskiyarsa. Bangon ƙasa yana sake fata kamar maciji, hoto kuwa fatar rana ɗaya yake kamawa. Duk da haka, da wannan fatar ta rana ɗaya ya mayar da dagin yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba.

Saboda haka ina kira ga samarinmu masu salula a aljihu. Daga hasumiyar Agadas mai mita 27, wadda UNESCO ta saka tare da tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, zuwa masallacin Yama na Falke Barmu a jihar Tawa, har zuwa zauren kakanku da babu wanda ya san da shi sai ku, ku jira ranar hadari ko ta hazo ku ɗauka, taki bayan taki. Ku rubuta rana da sunan unguwa, ku ajiye kwafi wuri biyu. Kada ku share tabo kafin ku tambayi tsofaffi. In kun gama da bango, ku juya na'urar wajen magini, ku bar shi ya yi magana.

Ni dai yanzu kowace shekara, kafin ruwan farko, nakan je Birni in sake ɗaukar zauren. Tabon Kaka yana nan a gefen dama. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu damana mai albarka wadda ba ta rushe gida.