Filin Ƙanƙara a Winifeg: Sanyin Daga Ƙasa Yake Tasowa

Uwargida, in Allah ya kai ki birnin Winifeg na ƙasar Kanada da yara, ki sa ran wata rana ɗanki ko 'yarki za su dawo daga makaranta da maganar wasan hoki. Tun 1994 doka ta ayyana hokin ƙanƙara a matsayin wasan ƙasa na lokacin sanyi, kuma unguwanni da yawa suna da filinsu.

Filin da ake yawan kai yara mai rufi ne, tsawon ƙanƙararsa ƙafa 200, faɗinta 85. A cikin simintin ƙasa an binne bututai masu zagaya ruwa mai tsananin sanyi, su ke riƙe ƙanƙarar a wajen digiri 5 ƙasa da sifiri. Ƙatuwar firji ce, ke kuma a cikinta za ki zauna awa guda ko fiye. Sau da yawa da sassafe ake sa atisayen yara, alhali a watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas.

Yaro yana ta zamiya da sandarsa, har gumi yake yi cikin hular kwano. Ke da ke zaune kan benci sanyi ke ci. Jiki yana saurin zubar da zafinsa ta inda ya taɓa abu mai sanyi, shi ya sa tafin ƙafa da mazaunai ke fara sandarewa ko da kin sa rigar sanyi mai kauri. Don haka ki zo da bargo biyu, ɗaya ki ninka ki zauna a kai, ɗaya ki rufe gwiwa. Ki sa safar ulu da takalmi mai kaurin ƙasa wanda bai matse ki ba, don matsewa tana rage gudun jini. Kayan auduga suna riƙe danshi, kada su zama na jikin fata. Ki cika filas da shayin citta, ki duba sama ki zauna ƙarƙashin na'urar ɗumama wuri in akwai.

Idan motar Zamboni ta shigo gyaran ƙanƙara, lokacin tashi ya yi. Ki taka zuwa zauren shiga mai ɗumi, jini ya motsa.

Zuciya za ta ce ki koma mota ki kunna hita. Ki daure. Yaron da ya faɗi, yana miƙewa fuskarki yake nema ta bayan gilashi. Kuma a kan bencin nan ake sanin maƙwabta a garin da sanyi ke kulle kowa a gida wata da watanni. Matar da kika miƙa wa kofin shayi yau, ita za ta ɗauko miki yaro ranar da aiki ya riƙe ki.

Allah ya raya mana su, ya sa albarka.