Mabuɗin Gadamas

A Zangon Damagaram Balarabe ake ce masa, alhali ba ya jin Larabci sai na salla. Kakan mahaifinsa ya zo daga Gadamas a zamanin Sarki Tanimun, yana sayen gashin jimina da fatu, yana aikawa Tarabulus. A 1911 Italiya ta kama Tarabulus, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano. Ayari ya mutu, tsoho bai koma ba. Ya rasu ya bar mabuɗi guda.

Da ya aje aikin duwan, sai ya ɗauki mabuɗin, ya bi ta Agadas. Ya tarar da tsohon garin ya zama kufai, mutane sun koma sabbin gidaje. Wani dattijo da ya gane sunan zuriyar ya kai shi wani lungu mai rufi, ya nuna masa ƙofar itacen dabino. Mabuɗin bai shiga ba.

Da Hausar da ya gada wurin kakarsa, dattijon ya ce, "Alhaji, danginka suna Tarabulus. In kira maka su?"

Ya yi shiru. Da wane harshe zai gaishe su? Ya karɓi lambar dai. Tana Damagaram cikin akwati, tare da mabuɗin.