Zabin da Suka Tashi Zuwa Burkina

Da wuya a shiga ƙauye a ƙasar Bawku, ko Yendi, ko Salaga, a rasa gidan da ake kiwon zabi. Zabuwa ita ce asusun talaka. In yaro ya kwanta ciwo, ko kuɗin makaranta ya taso, uba yakan kama biyu ya nufi kasuwa. Saboda haka da aka ji gwamnatin Gana za ta zuba kuɗi cikin kiwon zabi, mutanen arewa suka yi murna ƙwarai, gama a ganinsu an zo kan abin da suka iya.

A shekarar 2010, zamanin Shugaba Atta Mills, aka kafa hukumar da ake kira SADA domin ta rage tazarar arziki tsakanin arewa da kudu. Hukumar ta ba wani kamfani sama da sidi miliyan 10 domin kiwon zabi. Ta kuma biya sama da sidi miliyan 30 domin a dasa itatuwa miliyan 5. Shekara ta zagayo, ba wani abin kirki da aka gani. Itatuwan kuwa, da yawa an dasa su da rani ne. Ko yaron da ke bin uwarsa gona ya san ba a dashe cikin hunturu, amma masu digiri suka sa hannu aka biya. A 2014 wani ɗan jarida, Manasseh Azure Awuni, wanda shi ma ɗan arewa ne, ya bi sawun kuɗin. Ya je wuraren dashen, ya tarar a wurare da dama tsiron ya bushe, ko kuwa wutar daji ta cinye. Mutane kuwa suka yi ta ba'a, wai zabin sun tashi ne zuwa Burkina Faso. Aka yi ta dariya a tashar mota da gidan rediyo, amma manomin da aka yi wa alkawari bai ga abin dariya ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, ba baƙi suka yi wannan ba. Yawancin masu riƙe da hukumar 'ya'yan arewa ne, waɗanda suka san yunwar watan Yuni, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. Haka kuma a shirin ba matasa aiki na GYEEDA, kotu ta ɗaure Abuga Pele, tsohon ɗan majalisa na Chiana-Paga, shekara 6 a 2018 saboda jawo wa ƙasa hasara. An yi masa afuwa a 2021.

Shi ɗan jaridar nan ne ya tona a 2016 cewa wani ɗan kwangila na Burkina ya ba Shugaba John Mahama kyautar mota Ford tun 2012. Hukumar CHRAJ ta bincika, ta ce ba cin hanci ba ne, an kuwa sa motar cikin motocin gwamnati, amma karɓarta ya saɓa wa ƙa'idar kyauta. To, shekara huɗu maganar tana rufe.

Kada wani ya ce halin jam'iyya ɗaya ne. A 2023, ƙarƙashin Shugaba Akufo-Addo, minista Cecilia Dapaah ta ajiye aiki bayan an ji a kotu ana tuhumar masu aikin gidanta da sace dala miliyan 1 da yuro 300,000 daga ɗakinta. Ba don an kai ƙarar satar ba, da ba wanda ya san irin wannan kuɗi yana kwance a gida. Wannan yakan tuna wa mai karatu labarin Gehazi, baran Elisha, wanda ya bi Na'aman a ɓoye, ya karɓi azurfa da riguna, ya adana a ɗaki, ya komo ya tsaya gaban maigidansa kamar ba inda ya je.

Ikilisiya ma ba ta fita da farar riga ba. Akufo-Addo ya ce ya yi wa Allah wa'adi zai gina babbar majami'a ta ƙasa a Akra. Manyan shugabannin ikilisiyoyi suka zauna cikin kwamitin amintattu, waɗansu suka janye daga baya. An kashe wajen dala miliyan 58 na jama'a, ya kuwa sauka daga mulki a Janairu 2025 ba abin da ke wurin sai ƙaton rami. A ƙananan majami'un arewa ma, sau nawa ɗan siyasa yakan zo ranar godiyar kaka, a ba shi kujerar gaba, ya miƙa ambulan mai kauri, a yi tafi, dattawa su lissafta kwanon rufin da zai saya, ba mai tambaya daga ina kuɗin ya fito?

A 2017 aka soke sunan SADA, aka kafa Hukumar Raya Arewa a madadinta. Zabin da ake sayarwa ran kasuwar Bawku kuwa, har yau na gida ne, waɗanda kaza ta ƙyanƙyashe, yara suka ciyar da gara.